GYARAN GIDA: Murhun gaz yana son wanki kamar tukunya

Ƴan'uwa manoma da makiyaya, a watan jiya wannan fili ya yi magana a kan gyaran rumbu. A wannan wata magana ta koma madafa.

Icce ya yi wuya, kowa ya sani. Tun farin 1973 da na 1984 daji ke ja da baya. Inda mace ke samun icce a bayan gari, yau sai ta yi tafiya mai nisa, ko maigida ya sa hannu a aljihu. Kara ya zama abincin bisashe. Kashin shanu kuma gona ke jiran shi. Shi ya sa gaz ya fara shiga gidaje.

Da can daga waje ake kawo gaz, kuma a birni kaɗai ake ganin shi. A watan Nuwamba na 2011 matatar mai ta Soraz ta fara aiki, arewa da Damagaram, bisa hanyar Tanut. Tana tace ɗanyen man da ake haƙowa a Agadem, cikin jahar Difa. Tare da fetur da gazuwal tana fitar da gaz na girki. Tun daga lokacin butalin gaz ya yawaita a Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tawa, har ya kai garuruwan kasuwa da wasu ƙauyuka. An fi ganin butali mai kilo 6 da mai kilo 12 da rabi.

Murhun gaz iri biyu ne. Akwai ƙaramin resho da ake murɗawa bisa kan butali. Akwai kuma babban murhu mai ido uku ko huɗu, da ɗakin gashi a ƙarƙashi, wanda wasu ke kira fur. Irin wannan ne ake sa wa amarya cikin kayan ɗaki, ko ɗan ci-rani ya kawo wa iyayensa. Sayen shi rana ɗaya ne. Riƙon shi kuwa aikin kullum ne.

BUTALI YA ƘARE DA WURI

A ɗauki misalin wani gida. Ɗan maigida ya dawo daga Yamai da murhu mai ido huɗu. Uwargida ta yi murna. Babu hayaƙi, babu hawaye, tukunya na sauka fes. Butali mai kilo 6 yana yi mata kwana 20.

Bayan wata shida abu ya sake. Wuta ta koma ja, tana lilo. Gindin tukunya ya yi baƙi kamar an ɗora ta bisa icce. Waken da ke nuna kafin azahar sai ya kai la'asar. Ido ɗaya ma gefe guda kawai yake kamawa. Butali ya ƙare cikin kwana 13.

Maigida ya ce: « Ke, ɓarnar gaz kike yi ne? Ko mai shago ne ke ba mu butali rabi? »

Ta ce: « Malam, girkin da nake yi da, shi nake yi yanzu. Ban ƙara tukunya ba. »

Sai ta ɗauko ƙusa, ta zura cikin ɗan ramin da gaz ke fitowa, ta juya don ya buɗe. Wuta ta tashi sama, ta ƙara yin ja. Ran kasuwa aka kirawo mai gyara. Ya ɗaga kan wutar ya nuna masu. Miyar kuka da kumfar madara da man gyaɗa sun bushe, sun toshe ƙofofin wuta. Cikin bututu ya tarar da gidan zanzaro. Ya dubi ramin da aka zura wa ƙusa, ya girgiza kai.

Ya ce: « Inna, wannan datti duka ruwan zafi da sabulu sun ishe shi. Amma ramin nan da kika faɗaɗa ba ya komawa. Sai an sayo sabo daga birni. »

Ya leƙa bayan murhu, ya lanƙwasa tiyo. Tiyon ya tsattsage kamar tsohon takalmi. Ya ce wa maigida: « Baba, mai shago ba shi da laifi. Wani gaz ɗin ta nan yake tsiyaya. Ga rumbu nan kusa, ga zana. Allah ne ya tsare. »

Kuɗin gyara, da kuɗin mota, da gaz ɗin da aka yi asara, sun kai kuɗin tiya mai yawa ta hatsi. Duk kuwa don ba a san yadda ake wankin murhu ba.

SASSAN MURHU

Makiyayi ya san jikin dabbarsa, shi ya sa yake gane ciwonta da wuri. Haka ya kamata mai murhu ya san sassan murhunsa. Ga su:

1. Butali. Gaz ɗin da ke ciki ruwa-ruwa ne, an matse shi. In an buɗe sai ya zama iska. Litir ɗaya na ruwan gaz yana zama iska fiye da litir 200.

2. Detandar. Shi ne ƙarfen da ake ɗaurawa bisa bakin butali. Yana rage ƙarfin gaz kafin ya shiga murhu.

3. Tiyo. Shi ke kai gaz daga detandar zuwa murhu.

4. Makunni. Shi ake murɗawa a ƙara wuta ko a rage ta.

5. Hanci. Ɗan ƙaramin abu ne na tagulla a tsakiyar kowane ido. Masu gyara na ce masa jiklar. Raminsa bai kai milimetir ɗaya ba.

6. Kan wuta da hularsa. Shi ne mai ƙananan ƙofofi kewaye, inda wuta ke fitowa.

7. Ƙarafan da tukunya ke zama bisa. Su ne duwatsun murhu.

Gaz shi kaɗai ba ya ci da kyau. Sai ya gauraya da iska, kamar yadda wutar icce ke son fifita. Gaz yana fitowa daga hanci da ƙarfi, ya jawo iska, su gauraya cikin kan wuta, su fito ta ƙananan ƙofofin. In iska ta isa, wuta shuɗiya ce, gajera, tana tsaye daidai a kowane gefe. In datti ya tare hanya, iska ba ta isa. Sai wuta ta yi ja ko ruwan ɗorawa, ta yi tsawo, ta riƙa lilo.

Jar wuta tana baƙanta tukunya, girki ya daɗe, gaz ya tafi a banza. Abin da ya fi muni, tana fitar da wata muguwar iska marar wari marar launi, irin wadda gawayi ke fitarwa cikin rufaffen ɗaki. Tana sa ciwon kai, da jiri, da amai. Tana kisa ma. Saboda haka launin wuta shi ne abin dubawa na farko kowace safiya.

Ga ɗan lissafi. Ido matsakaici, in an buɗe shi duka, yana cin gaz kamar giram 150 cikin awa ɗaya. Kilo 6 giram 6000 ke nan. A raba 6000 da 150, a samu awa 40. Gidan da ke girki awa 2 kowace rana da ido ɗaya, butali zai yi masa kwana 20. A riƙa rubuta ranar da aka sa sabon butali. In kwanakin sun ragu alhali girki bai ƙaru ba, akwai datti ko akwai tsiyaya.

WANKIN KULLUM

Wannan ba ya cin minti biyar. Bayan an gama girki:

A rufe butali tukuna, sannan a rufe makunni. A bari murhu ya huce, amma kada a bari abin da ya zuba ya kwana. A jiƙa tsumma da ruwan ɗumi da ɗan sabulu, a matse shi sosai, a goge saman murhu. A sake gogewa da busasshen tsumma.

Kada a kwarara ruwa bisa murhu kamar ana wankin turmi. Ruwa yana shiga hanci ya toshe shi, yana sauka ƙasa ya kawo tsatsa.

Mata sun saba cuɗa tukunya da toka da yashi. Wannan ya yi wa tukunya, bai yi wa murhu ba. Saman murhu yana da fenti mai santsi kamar na kwanon samira. Yashi da soson ƙarfe suna karce shi. In ya karce, datti ya samu wurin zama, tsatsa ta biyo baya. Suna kuma goge lambobin da ke gefen makunni, har a kasa sanin ina ne buɗe ina ne rufe. Soson icce mai laushi ko tsumma sun isa.

Akwai abin da ke rage wankin ma tun farko. Kada a cika tukunya har baki. Madara, da kunu, da wake, suna da kumfa. In sun tafasa a rage wuta. Ƙaramar tukunya ƙaramin ido, babbar tukunya babban ido. Wutar da ta wuce gindin tukunya tana lasar gefe, asara ce. A rufe tukunya da marfi, abinci ya fi saurin nuna.

In an gama, a rufe murhu da marfinsa ko da zane mai tsabta, bayan ya huce sarai. A lokacin hunturu ƙura ba ta barin komai.

WANKIN MAKO

Sau ɗaya cikin mako, a ware rana, ko da ranar da ba a zuwa gona.

A rufe butali. In murhun na da wayar lantarki, a zare ta. A cire ƙarafan tukunya, da huluna, da kawunan wuta. A lura da inda kowane ya fito, don girmansu ba ɗaya ba ne.

A jiƙa kanwa kamar girman ƙwan zabo cikin ruwan zafi litir 2. A tace ruwan da tsumma, don kanwa tana da yashi. A sa ƙarafan tukunya da baƙaƙen huluna ciki, su yi rabin awa. Kanwa tana narka maiƙo. Sannan a cuɗa su da soso, a ɗauraye.

Kan wuta kuwa a duba irin ƙarfensa. In fari ne marar nauyi, na sanholo ne. Kanwa tana baƙanta sanholo, tana cin shi. Ruwan zafi da sabulu kaɗai za a sa masa. In na tagulla ne, ruwan lemun tsami yana maido da haskensa.

Yanzu sai ƙananan ƙofofin. A samu tsohon burushin haƙori ko asawaki da aka tauna ya yi laushi. A bi su ɗaya bayan ɗaya. Wadda ta toshe ƙwarai a taɓa ta da allura a hankali, ba tare da an faɗaɗa ta ba. Kada a sa tsinke, yana karyewa ciki. A ɗaga kan wutar sama wajen rana. In haske ya fito ta kowace ƙofa, aiki ya yi.

A leƙa cikin bututun da ke ƙarƙashin kan wuta. Gizo-gizo da zanzaro da kyankyaso suna son wurin, musamman idon da ba a cika kunnawa ba. A fitar da abin da ke ciki da burushi.

Hanci kuwa, a yi hattara da shi. Tagulla tana da laushi. Ƙusa ko allura na faɗaɗa ramin, gaz ya yi yawa, iska ta kasa. A goge kewayensa da busasshen burushi kawai. In har ya toshe, a kai wa mai gyara.

A shanya komai a rana sai ya bushe sarai. A mai da kowane inda yake. Hula ta zauna daidai, kada ta karkace. Sannan a kunna kowane ido a duba wutar.

Wani murhun, ko an wanke shi, wutarsa doguwa ce ja tun ranar da aka saye shi. An fi ganin haka ga tsofaffin murahu da ake kawowa daga Turai. A can wasu gidaje da wani gaz suke girki, wanda ke zuwa ta bututu, kuma hancinsa ya fi faɗi. Irin wannan murhu wanki ba ya gyara shi. Sai mai gyara ya canza masa hanci, ya sa na gaz ɗin butali.

ƊAKIN GASHI

Ɗakin gashi shi aka fi mantawa, don ƙofarsa a rufe take. Wasu matan gato da burodi suke gasawa ciki su sayar. Wasu sai lokacin sallar layya suke tuna shi. Kitsen nama yana ɗiga ƙasa, ya daskare. In aka sake kunnawa sai ya yi hayaƙi, ya ɓata ɗanɗanon abinci. In ya taru da yawa yana kama wuta.

A riƙa sa faranti ƙarƙashin nama don ya tare kitse. Amma kada a shimfiɗa faranti ko takarda mai ƙyalli bisa ƙasan ɗakin har a rufe ramukan da ke wurin. Ta nan zafi da iska ke bi.

Bayan kowane gashi, in ɗakin ya koma ɗumi-ɗumi, a goge shi da tsumma da ruwan sabulu. Maiƙo mai ɗumi yana fita da sauƙi.

In datti ya riga ya kafu, ga yadda ake yi. A rufe butali. A fitar da ragar ƙarfe da farantai, a jiƙa su cikin ruwan kanwa. A zuba tafasasshen ruwa cikin kwano, a matsa lemun tsami biyu, a ajiye cikin ɗakin, a rufe ƙofa rabin awa. Tururi zai sa dattin ya yi laushi. Sannan a daka kanwa, a tankaɗe, a kwaɓa ta da ruwa kamar kunu mai kauri. A shafa inda ya yi baƙi, ban da ramukan wuta. A bar ta ta kwana. Da safe a kankare da ɗan icce mai faɗi, kada a sa wuƙa. A goge da tsumma da ruwa mai tsabta sau biyu ko uku. A bar ƙofa buɗe sai ciki ya bushe.

Gilashin ƙofa ba ya son ruwan sanyi lokacin da yake da zafi, yana fashewa. Robar da ke kewaye da bakin ƙofa ita ke tsare zafi. A goge ta a hankali. In ta tsinke a canza ta, in ba haka ba zafi na fita, gaz na tafiya.

Kada a wanke murhu da fetur ko kananzir, ko kaɗan. Kada kuma a gauraya ruwan jabel da lemun tsami ko wani abu mai tsami. Suna fitar da iska mai ƙona ido da ƙirji.

Kunna ɗakin gashi yana da ƙa'ida, kuma a nan ne mutane ke ƙona fuska da gira. A buɗe ƙofa tukuna. A ƙyasta ashana, a kai ta bakin ramin kunnawa, sannan a murɗa makunni. Wuta ke jiran gaz, gaz ba ya jiran wuta. Wasu murahu sai an danne makunni kamar daƙiƙa 10 kafin a saki. In bai kama ba, a rufe makunni, a bar ƙofa buɗe minti kaɗan, gaz ɗin da ya taru ya fita, sannan a sake. In ya kama, a leƙa a ga wuta da ido, a rufe ƙofa a hankali don kada iskar ƙofar ta kashe ta.

Ɗakin gashi ba akwati ba ne. Kada a ajiye tsumma, leda, roba ko sauran tuwo ciki. Abinci yana kiran ɓera, ɓera kuma yana cin tiyo. Kada yaro ya hau ƙofar in tana buɗe, murhu na iya kifewa da tukunya mai zafi. Kuma lokacin ɗari kada a kunna shi don jin ɗumi cikin rufaffen ɗaki.

TIYO DA BUTALI

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Murhu mai tsabta da ruɓaɓɓen tiyo haɗari ne.

Tiyon gaz daban yake da tiyon ban-ruwa, daban yake da wanda ake zuƙar fetur da shi. Gaz yana cin robar da ba tasa ba. A sayi na gaz, ko da ya fi tsada. Araha ba ta ado. Tiyo na kirki yana da shekara rubuce a jikinsa, ita ce shekarar da za a canza shi. Wanda ya iya karatu a gidan ya duba. Tiyon roba ba a barin shi ya wuce shekara 5, kuma zafin rana da maiƙo na tsufar da shi tun kafin lokacin. Tsawonsa kada ya wuce metir 2. A ɗaure bakinsa biyu da zoben ƙarfe mai noti, kada a naɗa igiyar roba ko waya. Kada ya bi ta bayan ɗakin gashi, wurin yana zafi. Sau ɗaya a wata a lanƙwasa shi a duba. In ya yi tauri ko ya tsage, a jefar. Ba a liƙe tiyon gaz.

A bakin detandar, da bakin ƙaramin resho, akwai ɗan zoben roba. Shi ke hana tsiyaya. Duk lokacin da za a canza butali a duba shi. In ya baje ko ya yage a sa sabo.

Ga yadda ake gane tsiyaya. A kaɗa sabulu cikin ruwa ya yi kumfa. A rufe makunnai duka, a buɗe butali. A shafa kumfar a bakin butali, da detandar, da jikin tiyo, da inda ya haɗu da murhu. Inda kumfa ke kumbura tana tashi, nan gaz ke fita. Ba a neman tsiyaya da ashana.

Butali a tsaye yake zama, a gida ko bisa moto ko cikin amalanke. In an kwantar da shi, ruwan gaz ne ke fitowa maimakon iska, wuta ta tashi sama da ƙarfi. A ajiye shi cikin inuwa, inda iska ke kaɗawa. A watan Afrilu da Mayu zafi na kai digiri 45 a wurare da yawa, kuma zafi yana ƙara matsin da ke cikin butali. Kada a kai shi kusa da wutar icce don a tatso sauran gaz. Kada a juye gaz daga wani butali zuwa wani. Kada a kwana da shi cikin ɗaki.

Gaz ɗin butali ya fi iska nauyi kamar sau biyu. In ya tsiyaya ba ya tashi sama kamar hayaƙi. Ƙasa yake kwantawa, ya bi daɓe, ya taru cikin rami da lungu. Nan ne kuwa yara ke kwana bisa tabarma. Shi ya sa madafa ke son ƙofa buɗe da iska mai ratsawa.

IN AN JI WARIN GAZ

Gaz ba shi da wari mai ƙarfi na kansa. Da gangan ake sa masa wannan ɗoyi don a ji shi. Duk wanda ya ji, ga abin yi:

1. Kada a ƙyasta ashana. Kada a kunna ko a kashe lantarki ko cocila a wurin.

2. A rufe butali.

3. A fitar da yara da tsofaffi.

4. A buɗe ƙofa da taga. A kashe wutar icce da gawayin shayi da ke kusa.

5. In butalin ne da kansa ke tsiyaya, a kai shi fili, nesa da zana da rumbu da rijiya.

6. Kada a sake kunna murhu sai an gano inda gaz ke fita an gyara.

In tiyo ya kama wuta kuma hannu na iya kai wa bakin butali, a naɗe hannu da jiƙaƙƙen zane a rufe shi. In gaz ya tsaya, wutarsa ta mutu. In wuta ta riga ta kewaye butali, kowa ya yi nisa. Lambar ƴan kwana-kwana ita ce 18. Amma ƙauye yana da nisa da su, saboda haka rigakafi ya fi magani.

In mai ne ya kama wuta cikin tukunya, a kashe murhu, a rufe tukunyar da marfi. Kada a watsa ruwa, man zai fantsama da wuta. Wanda ya ƙone, a riƙa zuba wa wurin ruwa mai sanyi mai tsabta har minti 20. Kada a shafa mai, ko ƙwai, ko toka. A rufe da zane mai tsabta a kai shi gidan likita.

ABIN RIƘEWA

Kullum: a dubi launin wuta, a goge murhu, a rufe butali bayan girki.

Kowane mako: a wanke kawunan wuta da huluna da ƙarafan tukunya.

Kowane wata: a wanke ɗakin gashi, a lanƙwasa tiyo, a gwada da kumfar sabulu.

Kowane sabon butali: a duba zoben roba, a rubuta ranar.

Wannan aiki ba na mata kaɗai ba ne. Uwargida ke goge murhu, amma maigida ke sayen tiyo, shi ke ɗauko butali daga kasuwa. Yaran da suka yi wayo a nuna masu inda ake rufe butali. A gidan da aka ba da misali, an sa sabon hanci da sabon tiyo, wuta ta koma shuɗiya, butali ya koma kwana 20. Maigida da kansa ke kaɗa kumfar sabulu ranar da aka canza butali. Maƙwabta na yi masa dariya, shi kuwa ya ce masu gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Wanda ya karanta ya karanta wa maƙwabcinsa mai murhun gaz, don gobara ba ta tsayawa a gida ɗaya. Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai rai.